Garwashi a Garin Ƙanƙara

Duk wanda ya san Inna Hindu, matar Modibbo Sulaiman na Nasarawa Burkullu, ya san mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Tun ranar da ta haifi Bara'atu, 'yarta ta fari, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ko wata Bara'atun daban ce ta shigo sayen nono, sai ka ji ta ce, "Mai sunan yarinyar can, miƙo ƙwaryarki." Ba ma ita ta reni yarinyar ba. Ana yaye ta aka miƙa wa Goggo Zaliha, ƙanwar Modibbo da ke aure a Gummi. In Bara'atu ta zo ganin gida ta durƙusa gaisuwa, Inna Hindu kau da kai take yi ta amsa wa bango. Da ita ake buga misali in ana zagin matan zamani, masu ɗaga ɗan fari sama suna yi masa rawa a gaban surukai.

To, wannan 'yar farin ita ce ta auri Lukman, mutumin Anka. Lukman yana ɗan sakandare lokacin da gubar dalma ta yi ta ɗibar yara a Dareta, har da wata ƙanwarsa a ciki. Tun daga nan ya ɗora wa kansa karatun ƙasa da ruwa. Kullum yana yawo da 'yan kwalabe, ya ɗebi ƙasar tsakar gidan wannan, ya ɗebi ruwan rijiyar wancan, har ana raɗe-raɗin boko ya taɓa shi. Ashe kwalaben nan ne jirginsa. Wata kwaleji a can ƙuryar arewacin Amurka ta ɗauke shi aiki, ya riƙa koyarwa yana kuma auna ruwan wani tabki da garin yake bakinsa. Sunan garin kuwa, duk faɗin Bukkuyum ba a sami harshen da ya iya juya shi ba, sai aka haƙura ana cewa Bakin Tabki.

Lokacin tafiya cikin Bara'atu ya fara ɗaga zani. Goggo Zaliha ta yi tsalle ta dire, ta ce ba inda yarinya za ta da cikin fari, ta zauna ta haihu a gida ta yi wankanta na arba'in. Lukman ya ce takardun Turawa ba su san wankan gida ba, in ba ta bi shi yanzu ba sai yadda Allah ya yi. Aka yi ta ja, aka tsaya a kan in an haihu Goggo za ta bi su ta yi mata wankan jego. Ashe masu ba da biza su ma ba su san Goggo ba. Har Abuja ta je da sabon mayafi, ta yi bayanin ita ta goya, ita ta aurar. Baturen da ke bayan gilashi ya yi mata murmushi mai kyau ya turo mata fasfonta. Da aka gwada da uwa mahaifiya, sai aka ba da.

"Ni?" in ji Inna Hindu da Modibbo ya kawo mata labari. "In tahi in zauna gida guda da surukina da yarinyar can? Da wa za ni magana?"

"Da jinjirin mana," in ji Modibbo, yana jan carbinsa.

Shi wasa yake yi. Ita kuwa ta riƙe.

Da don ta kanta ne, ko da igiya ba a ja ta cikin jirgi. Amma akwai abin da ke cin ta. Ƙanwarta Safara'u ta haihu ne a daji, suna kan tafiya da shanu cikin tsakiyar ɗari, ba gadon wuta, ba ruwan zafin kirki. Kafin arba'in ƙafafunta suka kumbura, fuska ta biyo, numfashi ya gagara, aka rufe ta a gindin wata kirya. Kowa ya ce sanyi ne ya shige ta. Inna Hindu ce ta riƙe kanta a cinya har rai ya yi halinsa. Yanzu ga shi an ce yarinyar can ta haihu a garin da ruwa ke zama dutse. Ta ƙulle kanwa, da busasshen ganyen dogon yaro, da ƙauri, da yaji, da man shanu, ta ce a kai ta.

Tun a filin jirgi aka fara nuna mata ba Zamfara take ba. Wani kare mai riga, riga fa, ya zo ya shinshina jakarta ya zauna a gabanta kamar mai jiran sadaka. Ma'aikata suka zazzage kaya. Ganye ya tafi, ƙauri ya tafi, man shanu ya tafi. Kanwar ce kawai suka yi ta juyawa kamar sun tsinci zinariya, sannan suka mayar mata. Tana fitowa sai ga Lukman ya zube a tsakiyar jama'a yana gaisuwa. Ta juya ta nemi bangon da za ta amsa wa, ta tarar duk gilashi ne, ga fuskarsa a ciki. Ta rufe ido ta ce, "Lahiya lau."

Ya miƙo mata wata riga mai kaurin katifa da takalma kamar na sojan kwana-kwana. Ta so ta ƙi, don karɓar sutura hannu da hannu daga suruki ba ƙaramin abu ba ne. Sai ƙofa ta buɗe da kanta, iska ta kwaɗa mata mari. Ba wanda ya sake ce mata ta sa.

A mota bakinta bai rufu ba. Duniya duk fari fat. Gidaje, itatuwa, motoci, har kaburbura, kamar an kifar da rumbunan garin dawa na duniya baki ɗaya ba wanda ya damu ya kwashe. Rana tana nan a sama kamar tsohon faranti, ba ta gasa komai. Da suka gangaro garin sai ga wani fili shimfiɗe iyakar ganin ido, ba ciyawa ba kututture. Can tsakiya mutane zaune a kan bokitai, kowa ya sunkuya yana kallon ƙasa.

"Wagga fadama ta wa ce?" ta tambayi gilashin mota.

Lukman ya amsa wa sitiyari. "Shi ne tabkin. Ƙanƙara ce ta rufe shi. Waɗancan kifi suke kamawa, rami suka huda."

Ta sake dubawa. Ga wata mota a-kori-kura tsaye a can tsakiya kusa da masu bokitin.

"Mota. Bisa ruwa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Gidan da kwaleji ta ba su na katako ne, an raba shi biyu. Gefe ɗaya su, gefe ɗaya wata tsohuwar Baturiya mai koyarwa a kwalejin, ba miji ba jika, sai wani kare mai gashi kamar tunkiya. Bara'atu ta taso da gudu za ta rungume uwarta, ta tuna, ta durƙusa. Inna Hindu ta wuce ta kamar ba ta gan ta ba, amma fa ta gani. Da wutsiyar ido ta auna wuya, ta auna idon sawu, ta ga yarinya ba kallabi ba safa, tana taka dandamali da tafin ƙafa. Ta sunkuya ta ɗauki jinjirin, wanda aka raɗa wa Saifullahi.

"Maigidana, ka ga wahalar da kas sa ni? To tun wuri ka gaya wa mutanen gidanga, mai jego ba ta yawo kai buɗe."

Daga ranar Saifullahi ya zama masinja, shi da ko wuyansa bai tsaya ba. In abinci ya sauka, "Maigida, ka ce a zo a ɗauka." In Lukman zai fita aiki, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Saifullahi, ka ce wa Inna na tafi." Ita kuma ta ce, "Ka ce Allah shi tsare." Jinjiri yana barci yana tsotsar leɓe, ana ta aika shi.

Bara'atu ce ta yi kuskuren ba da labarin asibiti. Tana shan kunun kanwa tana dariya ta ce, "Inna, kin san ina haihuwa abin da suka fara miƙo mini? Ruwa da ƙanƙara a ciki, har tana ƙara a kofi."

Ludayi ya faɗi daga hannun Inna Hindu.

"Maigida, tambaye ta. Ta sha?"

"Ƙishi nake ji, Inna."

Inna Hindu ta tashi tsam. Ta shiga ɗakinta ta zauna a bakin gado, fuskar Safara'u tana yi mata gizo.

Wanka dai ta yi abin da za ta iya. Ba ganye, sai ta riƙa tafasa ruwa a manyan tukwane tana jiƙa tawul tana gasa yarinya har ta yi ihu. Lukman ya jure, ya jure, ranar nan ya tsaya a bayan labule ya yi gyaran murya.

"Saifullahi, ka ce wa Inna likita ta ce a ɗan rage zafin ruwan."

"Maigida, tambayar mini, likitar ta taɓa haihuwa?"

"Ka ce 'ya'yanta uku."

"To ka ce Allah na yat tsare ta, ba wayonta ba."

Sai kuma rigimar abin ihu. Wata rana ta ɗora turaren wuta a kan murhun lantarki don ɗakin mai jego ya yi ƙamshi. Hayaƙi na tashi, wani farin abu mai kamar murfin kwano da ke manne a bangon lungu ya fasa wata irin kururuwa, kamar an taka wutsiyar aljani. Jinjiri ya tsandara kuka, karen maƙwabciya ya ɗauka. Inna Hindu ta tsinci kanta a bayan kujera tana ayatul kursiyyu. Lukman ya hau tebur ya danna, abin ya yi shiru. Ya sauko yana share gumi. Ya so ya zauna ya yi bayani dalla-dalla, amma yaya mutum zai zaunar da surukarsa ya karanta mata darasi? Sai ya dubi jinjirin.

"Saifullahi, ka ce wa Inna abin nan mai gadi ne. In ya ji hayaƙi ko muguwar iska sai ya yi ihu. Don Allah kada a kunna wuta a cikin gida."

"Ka ce an ji."

Hayaƙi ta ji. Muguwar iska kuwa, a saninta ita ce mai shiga mutum ya faɗi yana birgima, kuma maganinta tofi ne. Ta so ta tambaya, amma tambaya ta biyu ai ta zama hira da suruki. Ta haɗiye.

Ana nan, wata safiya tana yi wa Bara'atu wanka ta danna idon sawunta, yatsa ya lotsa. Da rana ta ji yarinyar tana cewa tsigar jikinta na tashi. Lukman ya ce ta bakin masinja an nuna wa likita, ta ce kumburin zai saɓe da kansa, ɗumin ɗakin kuma daidai yake da abin da jinjiri ke so. Inna Hindu ta shiga ɗakin ta ɗora tafin hannu a kan katifa. Sanyi ƙalau kamar randa. A gida da yanzu yarinya tana kwance bisa gadon ƙasa, wuta na ci a ƙarƙashi, gumi na tsiyaya har sanyin ya fita ta inda ya shiga. Nan kuwa wani ƙarfe ne a jikin bango yana huci kamar tsohon maciji, wai shi ne wuta. Haka Safara'u ta fara, da idon sawu.

Allah ya sa, ko kuma a ce Shaiɗan ya sa, ranar nan ta fita zubar da shara ta leƙa wata 'yar rumfar katako da ke bayan gida. Ga wani murhun ƙarfe mai ƙafa uku, wanda mutanen da suka tashi daga gidan ke gasa nama da shi lokacin zafi. Kusa da shi buhun takarda. Ta buɗe. Gawayi! Dunƙule-dunƙule, duk girmansu ɗaya kamar an cura fura. Tun da ta sauka ƙasar nan ba ta ga abin da ta gane ba sai yau. Har ta shinshina shi.

Ta jira Lukman ya dawo cin abincin rana ya koma. Ta jira Bara'atu ta shayar ta kwanta da azahar, barcin gajiya ya ɗauke ta. Sannan ta tashi aiki.

Kada wani ya ce sakarci ta yi. Yadda uwarta ta koya mata haka ta bi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. A waje ta hura wutar, cikin tsohuwar tukunya, tana fifita da murfi, yatsunta na ƙagewa. Ta tsaya har hayaƙi ya ƙare ƙaf, gawayi ya zama garwashi ja wur, don kowace mace ta san hayaƙi ne ke shaƙe mutum, garwashi tsarkakakke ba ruwansa. Suruki ya ce ban da hayaƙi, to ga shi ba hayaƙi. Mai gadin bango ne kawai ba ta yarda da shi ba, don tsegumi gare shi. Ta hau kujera ta murɗe shi ya fita, ta naɗe shi a tsumma, ta jefa a bokiti, ta kai bayan rumfa ta tura masa dusar ƙanƙara a kai.

"Yi ihunka can," ta ce masa.

Ta shiga da tukunyar a hankali, ta kifa faranti ta ɗora ta a gefen gado. Ta ja labule. Ta ɗauki Saifullahi don kada kukansa ya ta da uwar, ta goya shi. Ta ja ƙofa, ta tusa tawul a ƙarƙashi kada ɗumi ya zurare. Abin da ba ta lissafa ba, ɗakin can gida Zamfara yana numfashi. Akwai jinka, akwai 'yar taga, akwai asabari a ƙofa, iska na shiga tana fita. Wannan kuwa an gina shi ne don kada ko numfashin sauro ya ratsa.

Ta zauna a falo tana jijjiga jikanta, ranta fari tas, karon farko tun zuwanta. Har waƙa ta yi masa. Da ta ga an jima ta sake hura wani ta kai, ta tarar ɗaki ya yi ɗumi mai daɗi, yarinya ta yi shame-shame, kumatu sun yi ja. "Alhamdulillahi," ta ce, "jini ya hwara gudu."

Wajen la'asar, wadda a garin nan take manne da magariba, sai kanta ya fara sara. Ta ce yunwa ce. Ta tashi, ƙasa ta ɗan juya. Saifullahi, da ya saba neman nono kafin wannan lokaci, ya yi lamo a bayanta. Ta ce bari ta kai shi ya sha.

Tana buɗe ƙofa wani nauyi ya danne mata ƙirji. Bara'atu tana yadda ta bar ta, sai dai kanta ya karkace, ga amai a kan matashi.

"Maigida, gaya wa uwarka ta tashi, la'asar ta yi."

Shiru.

"Ka ce mata barcin ya isa hakanan."

Ta matsa ta taɓa ƙafa. Ta ɗaga hannun yarinyar ta saki, ya faɗo kamar tsumma.

"Ke. Ke! Ke yarinya!"

Ta girgiza ta. Kai ya yi lilo.

"Ɗiyar Modibbo! Ɗiyar Zaliha! Ke mai sunan mutane!"

Ko gezau. Nan duniya ta tsaya wa Inna Hindu. Ta ga gindin kirya, ta ga kan Safara'u a cinyarta. Ta tallabo fuskar nan da ba ta taɓa kallo ido da ido ba tun tana cikin tsumma, ta ga ashe hancinta ne, ashe girar uwarta ce. Wani abu ya taso mata tun daga cibiya ya fasa maƙogwaro.

"Bara'atu! Bara'atu! Bara'atuna, ki tashi, ni ce Innarki!"

Fatar ido ta motsa. Kaɗan, kamar fiffiken fara.

Ba ta san me ke kashe 'yarta ba, amma jikinta ya gaya mata ɗakin ne, don ita ma jiri ya fara ɗibarta. Ta cusa hannuwa a hammatar yarinyar ta jawo ta daga gado. Tsohuwar da ke cewa a miƙo mata buta, ita ce ta ja mace mai jego tun daga ƙuryar ɗaki, ta lungu, ta falo, da jinjiri a baya. Ta banke ƙofar waje da kafaɗa. Sanyin nan da ta tsallako duniya don ta tsare 'yarta daga gare shi, a cikinsa ta shimfiɗe ta, kan dusar ƙanƙara, ita kuma ba takalmi ba mayafi.

"Wayyo jama'a! Jama'a ku kawo ɗauki! Bara'atu za ta mutu!"

Wace jama'a? A Nasarawa Burkullu kafin ta rufe baki an cika gidan har da masu zuwa kallo. Nan titi wayam, gidaje a rufe, dusa na sauka a hankali abinta. Karen nan mai gashin tunkiya, wanda kullum take tsine wa ta taga, shi ya amsa. Ya yi ta haushi yana kartar ƙofa har uwargijiyarsa ta leƙo. Baturiya ta fito da gudu da waya a kunne. Ta leƙa cikin gidan, ta hango jan garwashi ta ƙofar ɗaki, ta dafe kai ta yi wata ƙara. Ta tuɓe rigarta ta lulluɓe Bara'atu, ta kwance Saifullahi daga bayan kakarsa ta cusa shi cikin ƙirjinta. Tana Turanci, Inna Hindu tana Hausa da Fillanci, kowa na kuka.

Kafin ka ce kwabo titi ya cika da jiniya. 'Yan kwana-kwana suka shiga da wata na'ura a hannu, tun daga bakin ƙofa ta fara irin ihun mai gadin bango. Suka fito da tukunya suka kifa ta a dusa, suka buɗe tagogi duka. Ɗaya yana ta nuna gurbin da ke bango yana tambaya. Inna Hindu ta nuna bayan rumfa. Da ya tono bokitin ya warware tsumma, ya dubi abin, ya dube ta, ya girgiza kai. Ta gwammace da ya zage ta.

Su uku aka kwasa a motar asibiti, kowa da abin shaƙar iska a hanci. A can Lukman ya same su, ya zo a guje ko rigar sanyi bai tsaya ɗauka ba. An shige da Bara'atu ciki, an kai Saifullahi ɗakin jarirai. Ba masinja. Daga ita sai surukinta a lungun asibiti. Ta cire abin hancin ta dube shi tsakiyar ido.

"Lukman, ni nik kashe ta?"

Sai ya durƙusa a gabanta.

"Ba ta mutu ba, Inna. Sun ce tana numfashi da kanta, yaron ma lafiya. Sun ce da an ƙara jimawa kaɗan da wani labarin ake yi. Ke kika fito da ita."

"Babu hayaƙi. Wallahi sai da nij jira hayaƙi yaƙ ƙare."

"Na sani. Garwashin ne da kansa yake fitar da guba in ɗaki a toshe yake. Ba a ganinta, ba ta wari." Ya sunkuyar da kai. "A Dareta ma iyayenmu a tsakar gida suke daka dutsen zinariya, don su ciyar da mu. Ba wanda ya ga abin da ke cikin ƙurar. Ni da na san wannan, ni ya kamata in zauna in gaya miki baki da baki. Sai na tsaya aiken jinjiri."

Da aka bar ta ta shiga, Bara'atu tana kwance, ido a buɗe, murya kamar ta sauro.

"Inna, na ji kin kira ni."

Inna Hindu ta dubi bango. Bangon nan fari ne, mai kyau, irin wanda ta saba amsa wa. Ta juyo.

"Na kira."

"Da na ji, sai na ce shi ke nan na mutu. Don na san a duniya dai ba ki kirana."

Tsohuwa ta zauna a bakin gadon ta kama idon sawun nan ta danna. Kumburin yana nan, bai ƙaru ba. Ta ja bargo ta rufe shi, ba ta saki ƙafar ba har ma'aikaciya ta zo ta ce lokaci ya yi.

Aka yi arba'in lafiya, kumburi ya saɓe da kansa kamar yadda likita mai 'ya'ya uku ta faɗa, abin da har yau Inna Hindu ba ta yafe mata ba. Mai gadi ya koma bangonsa, aka ƙaro masa ƙane a ɗakin kwana. Karen maƙwabciya kuwa ya ci ƙashin kaza har ya gaji.

Ranar da ta dawo Nasarawa Burkullu gidan Modibbo ya cika da mata, Goggo Zaliha ma ta zo takanas daga Gummi. Ta ba su labarin kare mai riga, suka ce a'a. Ta ba su na mota bisa ruwa, wata ta ce Inna Hindu ta koyo ƙarya a Turai. Labarin garwashi ya sa aka yi ta salati, wasu na share hawaye, wasu na cewa su dai ba su ga laifin gawayi ba, gidajen Turawa ne ba su da albarka. Amma a nan ta taƙaita, ba ta faɗi yadda aka yi yarinyar ta motsa ba.

Ana cikin haka waya ta yi ƙara a cikin lalitarta. Ta zaro, ta danna kamar wadda aka haifa da ita, ta kara a kunne a gaban kowa.

"Bara'atu! Ya sanyi? Kin sa safa?"

Wata ta saki goron da ke bakinta. Goggo Zaliha, da ke kai ludayin fura baki, ta tsaya da shi a sama, fura na ɗiga a zaninta.

"Hindu. Mi nij ji?"

Inna Hindu ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Abin da kij ji, Zaliha. Cikin ƙanƙara nit tsinto sunan, ba takalmi a ƙahwata. Ba ni sake yada shi."

Ta mayar da waya kunne. Can aka ji muryar namiji yana gaisuwa. Nan take ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya ta fuskanci rumbu.

"Miƙa wa Saifullahi," ta ce. "Maigida, ka gaya wa babanka ina amsawa."